Bashin kwano: tafiyata Jos

Kwanon samira ne mai murfi, fari da zanen jan fure, irin wanda ake jera wa amare a da. Bakinsa ya ɗan ɓantare ta gefe ɗaya har baƙin ƙarfen ya fito. Sama da shekara 20 yana saman kabad ɗin Umma a Kano, ba a zuba komai a ciki, ba a ba da aronsa ko da biki ake yi kwanuka sun yi ƙaranci. Da bikin 'yar Kawu ya taso a Jos a ƙarshen Disamba, gwiwar Umma kuma ta ce ba ta san zancen ba, sai ta sa Auta ya taka kujera ya sauko da shi, ta wanke shi da hannunta, ta ce da ni, "Ke za ki mayar wa Ngo kwanonta."

Ngo ba suna ba ne. Haka Birom ke kiran uwa ko babbar mace, kamar yadda suke ce wa dattijo Da. Maƙwabciyarmu ce a gidan hayar da aka haife ni a unguwar Nasarawa ta Jos, gida mai famfo ɗaya da igiyar shanya ɗaya, Hausawa da Yarbawa da Ibo da Birom duk a ciki. Kirsimetin 2001 ta aiko mana da shinkafa da nama a kwanon nan. Lokacin garin bai gama farfaɗowa daga rikicin da ya ɓarke ranar Juma'a 7 ga Satumba ba, gaisuwa ma sama-sama ake yi, amma kwano ya shigo ɗakinmu kamar kowace shekara. Umma ba ta mayar da kwano wayam, ta ce a bari sai Babbar Sallah ta cika shi da soyayyen naman layya. Ana saura kwanaki Sallar, cikin Fabrairun 2002, babbar kasuwar Taminus ta ƙone, shagon yadin Baba yana ciki. Ya kwaso mu zuwa Kano wai mu yi Sallah a gida zuciyarsa ta huce. Ba mu sake komawa ba. Shekarata 9 a lokacin.

Bara 'yar Ngo ta nemo ni a Facebook, muka yi musayar lamba. Shi ya sa wannan karon Umma ba ta da uzuri. Kwana biyu ana aikin dambun nama, aka danna shi a kwanon har murfi yana ƙin rufuwa, aka ɗaure da sabon ɗankwali. A wata leda daban ta ƙulla daddawa da kuka da yajin da ta daka da kanta.

Ni da Auta muka isa tashar Unguwa Uku bakwai saura na safe. Sharon muka samu, kowa naira 12,000, kuma 'yan kamasho suka rantse saura mutum biyu, sai da muka yi awa ɗaya da rabi muna jiran mutum biyun nan. Lokacin Kirsimeti ne, but ɗin motar ya cika da buhun shinkafa da jarkar man gyaɗa har sai da aka ɗaure shi da igiya. Na ƙi yarda a sa kwanon a baya. A cinya muka riƙe shi, ni da Auta muna karɓa-karɓa, har Jos.

Daga Kano zuwa Jos kilomita kusan 300 ne. Mun bi titin Zariya har Kwanar Ɗangora, muka saki babban titi muka nufi Tudun Wada, daga nan kuma sai dajin Falgore. Wanda ya san labarin dajin nan a shekarun da 'yan fashi ke tare hanya ba sai an ce masa ya yi shiru ba. Hira ta mutu a motar, wani dattijo a gaba ya ciro carbi. Yanzu akwai sojoji a ciki, kuma a shingensu ne aka sauke mu duka. Wani soja matashi ya nuna ƙullin da ke hannuna da bakin bindiga ya ce, "Hajiya, mene ne wannan?" Na kwance ɗankwalin na buɗe murfin. Ƙamshin dambun ya bugi kowa, ya yi dariya ya ce wallahi ya kwana biyu bai ga irin wannan ba, tun na tsohuwarsa. Na so in ɗebar masa, amma na san Umma za ta tambaye ni ko a cike na miƙa shi. Sai na ba shi gurasar da muka yi guzuri, ya karɓa ya yi godiya. Sauran shingayen na 'yan sanda ne da 'yan haraji, direba ya san abin da yake miƙa musu ta taga, ba mu tambaye shi ba.

Kusa da ni wata mata ce 'yar Pankshin, tana da shago a Sabon Gari, za ta gida Kirsimeti da 'ya'yanta biyu. Bayan mun wuce Saminaka, inda gonakin masara suka bushe ƙarau sai kara, ta buɗe bokitin roba cike da cincin ɗin da ta kwana tana soyawa, ta cika min tafin hannu. Na karɓa, na yi godiya, na faki idonta na zuba a aljihun jaka. Ban ci ba. Da za a tsare ni a tambaye ni dalili ba ni da shi, fulawa ce da sukari da mai. Auta kuwa ya cinye nasa har ya miƙa hannu neman ƙari. Na faɗi wannan ne don a san da irin zuciyar da na shiga Jos.

Daga Jengre mota ta fara hawa, kunnena ya toshe, duwatsu suka fara bayyana an ɗora wani kan wani kamar da hannu aka jera su. Jos tana kan tudu mai tsawon mita 1,200 da wani abu, kuma iska ce ke fara gaya maka kafin allon gari. Muka wuce Mista Ali da Farar Gada, aka sauke mu a tashar Bauchi Road wajen ƙarfe biyu. Ɗan Kawu ya zo ya ɗauke mu a Keke Napep zuwa Unguwar Rogo.

Mu Kanawa muna cika bakin mun san hunturu. A daren nan na gane wasa muke yi. Bargo biyu aka ba ni da safa, duk da haka haƙorana sai da suka yi ta haɗuwa. Da asuba na taɓa ruwan buta na janye hannu kamar wuta na taɓa. Matar Kawu, da muke kira Inna, ta yi min dariya ta ce a Jos ba a alwala da ruwan da ya kwana a waje, ta miƙo min na kan murhu. Karin kumallo kunun tamba ne mai zafi da masa. Rabona da kunun tamba tun ina 'yar firamare, kuma da kurɓar farko na tuno kofin silba da nake sha da shi.

Washegari na bi Inna da 'yan matan gidan kasuwar Farar Gada sayen kayan miyar biki. Duk abin da muke saye da tsada a 'Yankaba ana ce mana daga Jos ya zo, ga shi nan a gida an jibge shi kamar ba a so. Kabeji ƙato kamar kan mutum, karas da ƙasar gona a jikinsa, koren wake, koren tattasai, latas, kokwamba, sai buhunan dankalin Turawa na Bokkos da Mangu. Manyan motoci na lodi, wasu Legas, wasu Fatakwal. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne bakin da ake ciniki da shi. Mai sayarwa Birom ce ko Jarawa ko Angas, dillali Bahaushe, mai saye Ibo, kuma duk Hausa suke yi, wata irin Hausa mai sauri wadda ba ruwanta da bambanta mace da namiji. Inna ta taya kwandon tumatir, mai kayan ta ce, "Haba Mama, kai ma ka san bai saya ba." Inna ba ta ko lura ba, ni ce nake ta danne dariya. Daga baya na yi tunani, mu da muke dariyar, kalma nawa muka sani a yarensu? Ni dai Ngo kawai na sani.

Bikin ya yi kyau, ba zan tsaya lissafa shi ba. Abin da zan faɗa shi ne girkin. Tukwane shida aka ɗora a bayan gida, dafa-duka da waina da miyar taushe da tuwon shinkafa, sai haɗin kabeji da dankali da ƙwai wanda mutanen Jos ba sa biki babu shi. A cikin masu yankan kabejin akwai ƙawayen amarya biyu Kiristoci da suka yi Jami'ar Jos tare, sun yi ankon biki sun yafa mayafi, suna ta tsokanar amarya. Wata Bayarabiya maƙwabciyar Kawu ta zo da ƙatuwar kular moimoi ba wanda ya roƙe ta. Sai dai kafin magariba 'yan matan biyu suka yi sallama, aka haɗa su da yaro ya raka su bakin titi. Ba wanda ya ce su tsaya, su ma ba su nemi tsayawa ba. Kowa ya san lokacin da ya kamata ya koma ɓangarensa.

A daren ne na gaya wa Kawu cewa ranar 26 ga wata za mu je Vom wurin Ngo. Ya ajiye cokali. Ya ce, "Yanzu ke da hijabinki, washegarin Kirsimeti, za ki kama hanyar ƙauyen Birom saboda kwano?" Na ce saƙon Umma ne, Kawu. Ya ce yayarsa ta bar Jos tun garin yana gari, ba ta san yadda aka koma ba. Ba zan ga laifinsa ba. A rikicin Nuwambar 2008 aka ƙone masa shago, kuma akwai abokansa da ya wanke da hannunsa. Ya lissafa min unguwannin da shi ba ya shiga, ya lissafa waɗanda Kiristoci ba sa shigowa, ya ce haka ake zaune lafiya yanzu, kowa a gefensa. Inna ce ta raba gardamar. Ta ce ai 'yar Ngo ce za ta zo ta ɗauke mu da motarta ta kuma dawo da mu, sannan ta ƙara da cewa, "Malam, matar nan fa ita ta yi wa yayarka wankan jego lokacin da ba kowa a kusa." Kawu ya yi shiru, can ya ce mu dawo kafin la'asar ta yi sanyi.

A Taminus muka haɗu da 'yar Ngo. Tare muka yi wasan 'yar carafke a tsakar gida, yanzu ma'aikaciyar jinya ce mai 'ya'ya uku. Muka rungume juna a gefen titi muna dariya ba dalili. A bayanta ga kangon babbar kasuwar nan tsaye, 'yan kasuwa sun zagaye shi da tebura da lema. Na yi ƙoƙarin tuno ta wace ƙofa ake shiga layin Baba, abin ya gagara.

Muka bi ta Bukuru muka ɗauki hanyar Vom. A gefen hanya ta nuna mana kududdufai masu ruwa shuɗi da tsibin jar ƙasa, ragowar haƙar kuzar da Turawa suka yi. Kuzar nan ce ta tara mu duka a Jos tun farko. Ita ta sa aka ja layin dogo daga Zariya har ya iso a 1914, ita ta kawo kakana da jakunansa yana sayar wa lebura goro da gishiri. Yanzu wasu kududdufan da su ake noman rani. Gonakin Birom kuwa da ƙyarana ake shinge su, dogaye kamar katanga. Kusa da Vom, inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi take tun 1924, yara suka tare mota da robobin sitiroberi ja jawur, wanda ake nomawa a ƙauyen Chaha. Auta ya sayi roba biyu, ya ce zai kai Kano a ga shaida.

Ngo tana bakin ƙofa tun kafin a kashe mota. Ta tsufa, ta rame, amma muryar tana nan. Ta kama fuskata da hannu biyu ta ce, "Kai! Yarinyana ya girma, ya zama Hajiya!" Ta juya ga Auta, wanda aka bar Jos da cikinsa, ta ce wannan ai Baba ne ya dawo, har tafiyar. Gidan cike yake da jikoki da surukai, rediyo na waƙoƙin zumuntar mata da Hausa. Aka shimfiɗa mana tabarma a falo, aka kawo ruwan leda da lemon kwalba a rufe, da faranti cike da atili an jiƙa shi a ruwan ɗumi ya yi laushi. Na lura duk abin da aka fara kawo mana a rufe yake ko ɗan itace ne. Sun yi tunaninmu tun kafin mu zo.

Ban daɗe a zaune ba ta ce in taso, baƙo ne ke zama a falo. Ta ja ni madafi. A can ta nuna min wata tukunya da ke rataye a ƙusa daban da sauran, da muciyarta da ludayinta. Ta ce wannan ba a taɓa dafa abin da ba ma ci a cikinta ba, ta ajiye ta ne don baƙinta Musulmi, Fulanin da ke kawo mata nono a da da abokan aikin 'yarta. Ba ta ɓoye min komai ba. Ta ce a ƙauyen nan ana dama burkutu, akwai masu kiwon alade, ita ma ba za ta ce min ba a taɓa shigo da shi gidan ba, amma wannan tukunyar ba ruwanta. Kajin kuma jiya ɗanta ya kai su kasuwar Bukuru wani mahauci Musulmi ya yanka. Sai ta ce, "Da ai Babanka ne yake yanka mana akuyar Kirsimeti. Ka manta?" Ban manta ba, sai dai ban taɓa sanin dalilin ba. Ina ganin Baba da sassafe ya naɗe hannun riga ya fuskanci gabas da akuyar mijin Ngo, na ɗauka don ya fi kowa iya wuƙa ne. Ashe don naman ya shiga kowane ɗaki ne a gidan. Sai na tuno cincin ɗin da ke aljihun jakata, kunya ta rufe ni, na sunkuyar da kai kamar hayaƙi ne ya shiga idona.

Gwate za a yi, kuma ta ce da hannuna za a yi shi don in kai wa Umma labari daidai. Aikin farko wankin acca. Wanda bai taɓa ganin acca ba, ƙwayarta ba ta fi yashi girma ba, kuma da yashin take zuwa, shi ya sa wankinta ya fi dafa ta wahala. Ƙwarya biyu ake sawa. A zuba ruwa, a karkata ƙwaryar a hankali ana jujjuya ta, acca ta gangara ɗayar, yashi ya kwanta a gindi. A zubar da shi, a sake. Na yi sau uku na ce ta fita. Ngo ta sa yatsa ta shafo gindin ƙwaryar ta goga min a bayan hannu, na ji ƙaras-ƙaras. Sai da muka yi sau bakwai. Ta ce macen da ta bar yashi a acca, a wurinsu an gama sanin irin tarbiyyarta. Ta ce acca tana yi a ƙasar da masara ba ta yi, amma yankanta da sussukarta da surfenta ne ke sa matasa gudunta, shi ya sa mudunta ya fi na shinkafa tsada, ga masu ciwon suga sun taso ta a gaba.

A tukunyar nan aka fara tafasa ƙashi mai guringuntsi da wake da albasa da attaruhu har romon ya yi kauri. Ta yanka gauta, ƙananan nan masu ɗaci, ta watsa. Sannan aka zuba acca ana juyawa kada ta yi gudaji. Da ta fara kumbura sai ganye ya biyo baya, yakuwa da alayyafo da kabeji, da yawan da na ɗauka tukunyar ba za ta ɗauka ba. Na tsaya ina jiran a kawo mai. Ta ce gwate ba ya son mai, ɗacin gauta da tsamin yakuwa su ne daɗinsa. Na ce to ai wannan faten tsaki ne irin namu, mu dai muna sa gyaɗa da rama da ɗan manja. Ta ce ina, fate daban gwate daban, fatenku yana da nauyi, ana sha a kwanta, gwate kuwa ana sha a tafi gona. Surukarta 'yar Mangu ta sa baki ta ce su a wajensu da tsakin masara suke yi. Aka yi ta musu ana dariya, kowa na kare na gidansu.

Ana cikin haka na kwance ledar Umma. Da Ngo ta ga daddawar ta kai hanci ta lumshe ido. Ta ce Umma ce ta koya mata kaɗa miyar kuka, ta hana ta zuba kukar gaba ɗaya, ta ce a riƙa barbaɗawa ana burgawa. Ita kuma ta koya wa Umma naman riɗi. Nan take ta ce za a yi shi. Aka soya riɗi sama-sama aka daka, aka juye shi kan kajin da aka dafa da manja har kowace tsoka ta sha. Sai a ranar na san naman riɗin da Umma ke yi mana duk Sallah, wanda ƙawayena a Kano ke tambaya ko girkin Larabawa ne, daga hannun wannan tsohuwar ya fito. Ta gutsuri daddawar Umma ta jefa a gwaten, ta ce yau na Kano da Jos ne.

Da azahar ta yi, ban ko tambaya ba jikarta ta kawo min buta da ruwan ɗumi, aka shimfiɗa min sabon zane a ɗakin Ngo, ita da kanta ta nuna min gabas. A bangon ɗakin akwai kalandar cocin COCIN da hoton wani saurayi a cikin gilashi. Na gane shi, shi ne yake goya ni zuwa makarantar allo idan an yi ruwa. Da na idar na tambaye ta. Ta ce, "2010." Ba ta ƙara ba, ni ma ban ƙara ba. Na san abin da ya faru a Jos da Bukuru da ƙauyukansu a shekarar, na san an kashe nasu an kashe namu. Ta gyara zaman hoton da yatsa ta ce abinci zai huce. Ba zan ce wa kowa gwate ya wanke wannan ba. Kawu ma da ya zo ya sha, shagonsa ba zai dawo ba. Amma matar da ta rasa ɗa a shekarar ita ce ta aika da kajinta Bukuru don in ci.

A tire ɗaya muka ci mu mata, maza suna waje da Auta. Kafin a fara suka sunkuyar da kai surukar ta yi addu'a da Hausa, ni na yi bisimilla, aka sa hannu. Gwaten a kwano ake shan sa da cokali, da zafinsa. Cokalin farko ɗacin gauta ya dake ni har na yamutsa fuska, jikokin suka fashe da dariya. Na uku na fara jin tsamin yakuwa da zaƙin ƙashi, jikina ya ɗauki ɗumi tun daga ciki, na gane dalilin da ya sa mutanen ƙasar sanyi suka riƙe shi. Kwano biyu na sha.

Sai bayan an ci na kwance ɗankwalin na miƙa mata kwanon da hannu biyu, na faɗi saƙon Umma kamar yadda ta haddace min, har da neman gafarar jinkiri. Ngo ta buɗe, ta ɗanɗani dambun, ta raba wa jikoki. Sannan ta sa aka juye shi a wani mazubi, ta kifa kwanon tana duba gindinsa. Matan gidan haya kowa da alamar da take yi wa kwanukanta da jan farce ko fenti. Ta daɗe tana kallo, sai ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. Ta ce wannan ai ba nata ba ne. Alamarta ɗigo uku ce, wannan kuwa shuɗin layi ne, na matar Ibon nan mai sayar da garin rogo a ɗakin ƙarshe. Kwanukanta sun ƙare ranar saboda rabon abinci, ta ara. Da muka tafi matar ta tasa ta a gaba da mita har sai da ta sayo mata sabo, kafin ita ma ta kwashe 'ya'yanta ta koma gabas.

'Yarta ta kira Umma a WhatsApp ta bidiyo. Da farko kuka suka yi su biyun, ba mai jin abin da ɗaya ke faɗa. Da aka zo zancen kwano kuwa sai gardama ta tashi. Umma ta ce tunda Ngo ta biya kuɗinsa ai nata ne halak malak. Ngo ta ce to idan nata ne, ta ga dama ta sake aikawa da shi. Ta sa aka wanke shi, ta auna wankakkiyar acca busasshiya ta cika shi fal, ta ɗora ƙullin riɗi da gauta a kai, ta ɗaure da ɗankwalin Umma. Aka ƙara mana da rabin buhun dankali wanda na yi ta roƙon a rage.

Biyar saura muka iso Unguwar Rogo. Kawu yana ƙofar gida a tsaye, ya ce wai iska yake sha, a sanyin nan. Bai tambaye mu komai ba sai da dare, da Inna ta ɗumama ragowar naman riɗin da aka ƙullo mana. Ya tambayi wanda ya yanka, na gaya masa. Ya ci tsoka biyu, ya ce riɗin ya ɗan yi yawa, ya ƙara ta uku.

Kafin mu taho na leƙa gidan tarihin Jos da aka buɗe a 1952, na ga kawunan yumɓu na Nok, na kuma ga kwaikwayon ganuwar Kano da aka gina a can, Auta ya ce mun yi tafiyar awa biyar don mu kalli badala. Dawowa kuɗin mota ya sauka zuwa 10,000, amma direba ya caje mu kuɗin dankali. Sitiroberin Auta bai kai Tudun Wada da ransa ba. Cincin ɗin matar Pankshin kuwa a Falgore na lalubo shi a jaka, ya farfashe, na cinye har garin.

Umma ta yi gwate washegari. Ta ce yakuwar Kano ba ta kai ta Jos tsami ba, kuma na bar yashi a labarin da na kawo, don ita ta san ana sa gauta ne bayan acca ba kafin ta ba. Ta juye sauran accar a roba, ta wanke kwanon ta goge, ta ce Auta ya mayar saman kabad, sannan ta tambayi watanni nawa suka rage Babbar Sallah. Auta ya ce shi dai ba zai sake riƙe kwano a cinya har Jos ba, sai dai a ba direba saƙo. Umma ba ta ko kalle shi ba, tana ta shanya gautar a faifai wai za ta gwada shuka irin a bayan gida.